Yadda ake gane shekarun tsohuwar gangar Turawa daga icenta

Tambaya guda ce ke ta maimaituwa daga masu karatu: mutum ya turo hoton bajon da ke jikin ganga, ko lambar da aka buga a kansa, ya ce a faɗa masa shekarar da aka ƙera ta. Wasu makaɗa ne, wasu masu kula da kayan kiɗan coci ko na makaranta, wasu kuma 'yan kasuwa ne da setin ganguna ya faɗo musu cikin kayan Beljiyam, suna neman sanin abin da suka riƙe kafin su yanka farashi. Amsata ba ta canzawa: hoton bajo bai isa ba, sai an buɗe gangar. Bajo ana ɓamɓare shi a liƙa wa wata, kunnuwan ɗauri, wato ƙarafan da kusoshin ɗaure fata ke shiga, ana sauya su, rigar waje ana yi mata sabuwa. Icen ne kaɗai ba a iya musanyawa, domin shi ne gangar.

Ka sani tun yanzu cewa ice ba ya faɗin rana da wata. Zango yake bayarwa, wani lokaci shekara uku, wani lokaci goma. Kamfanonin nan ba su zubar da tsohon kaya don sun fito da sabo, sai sun ƙarar da abin da ke sito. Saboda haka duk shekarar sauyi da za ka gani a ƙasa, ka bar mata sarari na shekara ɗaya ko biyu gaba da baya.

1. Kayan aiki

Makullin ganga, sukundireba mai baki ɗaya, tocila mai haske sosai, tef na awo mai inci, ƙaramin madubi, mayen ƙarfe, ƙyalle mai laushi, ɗan man keke, da robobi ko ledoji na zuba kusoshi. Wayarka ma kayan aiki ce, domin kyamararta za ta girmama maka abin da ido ba ya rabewa. 

Sukundireban ba na ado ba ne. Tsofaffin gangunan Premier na Ingila da Sonor na Jamus suna da kusoshin ɗauri masu tsaga a ka, makullin da aka saba da shi mai rami murabba'i ba ya kama su. Ganin wannan tsaga kaɗai ya fara karkata ka zuwa Turai.

Gargaɗi: kada sanfefa, fetur, tina ko ruwa su kusanci wurin aikin. Yau dubawa za a yi, ba gyara ba.

2. Hoto da awo kafin a kwance komai

Ɗauki hoton gangar ta kowane gefe, sannan ka auna faɗi da zurfi. Icen ake aunawa, ban da kewayen ƙarfen da ke danne fata, don haka za ka sake tabbatar da awon bayan ka buɗe.

Girma yana rage maka tafiya. Gangar ƙafa mai faɗin inci 26 ko 28 ta fi yawa a shekarun 1930 da 1940. A shekarun 1950 da 1960 an koma inci 20 da 22 masu zurfin 14, da tom (gangar seti marar wayoyi da ake bugawa da sanda) mai faɗin 12 zurfin 8, ko 13 zurfin 9. Tom marasa fatar ƙasa, waɗanda ba a ma huda musu ramin kunnuwan ƙasa ba, yayin shekarun 1970 ne. Masu zurfi sosai, kamar faɗin 12 zurfin 10 ko 11, sun yi tashe ne daga wajen 1980.

Gargaɗi: idan Premier ce, auna sau biyu. Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 kamfanin yana da nasa awon daban. Tom ɗinsa na 12 ba ya cika 12, wajen 11⅞ ne, na ƙasa mai suna 16 ya ɗara 16 kaɗan, gangar ƙafa ta 20 kuma wajen 19⅝. Wannan shaida ce mai ƙarfi ta shekaru, kuma matsala ce ta aljihu, domin fatar da ke shago ba za ta zauna ba, sai an yi odar ta musamman daga waje.

3. Cire fata

Fata ɗaya ta isa a fara, amma cire biyun ya fi, haske ya ratsa. Sassauta kusoshin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, kada ka zare ɗaya gaba ɗaya sauran suna ɗaure. Wanda ya cije, ɗiga masa mai, ka bar shi ya kwana. Kusoshin kowace ganga a ledarsu daban.

Gargaɗi: idan fatar ta dabba ce, an naɗe ta a kan zoben katako, ɗaga ta a hankali kada ka jefar. Fatar roba ta shigo kasuwa ne a 1956 da 1957 ta hannun kamfanonin Evans da Remo. Sai dai fatar dabba ba hujja ba ce ita kaɗai, akwai makaɗan da suka ci gaba da amfani da ita shekaru bayan haka.

4. Zoben ciki: akwai ko babu?

Leƙa ciki. A bakin sama da na ƙasa, ko dai ka ga wani siririn zoben katako da aka manna a kewaye don ƙarfafa icen, ko ka ga bango miƙe sumul daga sama har ƙasa. Wannan tambaya ita ce ta fi raba zamani da zamani.

A cikin kamfanonin Amurka, Ludwig ta yi siririn ice mai zoben itacen mapul har zuwa wajen 1976, sannan ta koma mai kauri marar zobe. Slingerland ta bi sahu a ƙarshen shekarun 1970. Rogers ta riƙe zobe har zuwa lokacin da ta fito da jerin XP-8 a ƙarshen shekarun 1970 ɗin. Premier ta shekarun 1960 da farkon 1970 tana da zobe na itacen bici. Ke nan, ga Ludwig da Slingerland da Rogers, zobe yana nufin kafin ƙarshen shekarun 1970, rashinsa kuma bayan haka.

Gretsch ta Amurka ita ce ta fita zakka. Tun shekarun 1950 icenta ba shi da zobe, don haka rashin zobe a jikin Gretsch ba ya nufin sabuwa ce. Mutane da yawa suna faɗawa wannan rami.

Gargaɗi: kamfanoni sun dawo da ƙirar da a wannan zamani. Ludwig na yin Legacy mai falle uku da zobe, Gretsch na yin Broadkaster. Zobe mai tsabta fes, gulu bai yi duhu ba, katako fari tas yana ƙamshin sabo, wannan ba tsohuwa ba ce ko da ƙirar ta da ce. Sannan ka latsa zoben da yatsa a kewaye. Inda zafi da bushewar hunturu suka yi aiki, gulu kan saki, zoben ya rabu da bango. Kafinta mai haƙuri zai iya mayar da shi da gulu da matsi, amma a cire kuɗin aikin daga farashi.

5. Ƙirga falle

Yawancin ganguna fallayen katako ne aka manna aka lanƙwasa. Yawan fallen shi ne shaida ta biyu, kuma nan ne aka fi yin kuskure, domin mutane suna ƙirgawa a leɓen ganga, inda zoben ciki ya ƙara nasa kaurin. Ice mai falle uku sai ya zama huɗu ko fiye a idonsu.

Wurin ƙirga na gaskiya shi ne rami. Kwance kunnen ɗauri guda ɗaya, haska tocila cikin ramin kusarsa a karkace, ka ɗauki hoto da waya ka girmama. Za ka ga layuka masu haske da masu duhu suna bin juna, saboda ana gicciye jijiyar kowane falle a kan na kusa da shi.

Falle uku, na tsakiya mai kauri, na ciki da na waje sirara: wannan ƙirar Ludwig ce da Slingerland ta shekaru masu yawa, mahogani ciki da waje, itacen fofula a tsakiya. Ludwig mai falle shida marar zobe ta fara daga wajen 1976. Slingerland mai falle biyar marar zobe ta ƙarshen shekarun 1970 ce zuwa gaba. Gretsch ta yi falle uku har tsakiyar shekarun 1950, daga nan ta koma falle shida na mapul da itacen gom, wanda kamfanin Jasper na jihar Indiyana yake yi mata. Rogers ta fara da uku, ta koma biyar da zobe a cikin shekarun 1960, XP-8 kuma takwas ne na mapul zalla. Sonor Phonic, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1970, falle tara ce na bici, kuma nauyinta zai gaya maka tun kafin ka ƙirga.

Idan ka duba ramin ba ka ga layi ko ɗaya ba, katako ne guda, to dakata. Akwai gangunan siniya, wato masu wayoyi a ƙasa, da aka yi da allon mapul ɗaya aka turara shi aka lanƙwasa. Mafi shahara ita ce Radio King ta Slingerland, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1930, ita ce makaɗin Amurka Gene Krupa ya yi suna da ita. Irin wannan tana da zobe sama da ƙasa, da haɗi guda ɗaya tak, kuma darajarta ta fi ta mai falle nesa. An daɗe ana yin ta, an kuma sake yin ta daga baya, don haka sai kunnuwa da bajo sun taimaka wajen tsayar da shekara.

Gargaɗi: kada ka kankare leɓe ko ka shafa masa yawu ko ruwa don layukan su fito. Leɓen da aka taɓa ya ragu a daraja har abada.

6. Wane itace ne, jijiyar ina ta nufa?

Idan cikin ba a yi masa fenti ba, ka yi sa'a. Mahogani ja ne mai duhu, da ƙananan ramuka a fuskarsa. Wanda Premier ta yi amfani da shi daga wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970 na Afirka ne, dangin maɗaci. Kafin nan, da kuma bayan nan, da itacen birci ta fi yi, mai haske. Saboda haka Premier mai jan ciki da zoben bici, wadda fatar shago ke zauna mata daidai, ta faɗa farkon shekarun 1970 ke nan ko daf da su. Mapul fari ne mai santsi, ba a ganin ramuka. Bici yana da 'yan gajerun ɗigo masu duhu a warwatse.

Yanzu duba inda jijiyar ta nufa. A yawancin gangunan Amurka da Ingila, jijiyar fallen ciki tana zagaya gangar ne a kwance. Idan ka ga ta tsaya, daga leɓen sama zuwa na ƙasa, katakon kuma gautsi ne mai zare-zare, yana tsagewa a bakin ramuka, gangar ba nauyi, to luwan ne, itacen Filifin. Wannan ita ce alamar gangunan da Pearl da Star, wadda ta zama Tama a 1974, suka riƙa yi a Japan a shekarun 1960 da farkon 1970, 'yan kasuwa suna liƙa musu sunaye barkatai. Kunnuwansu kwaikwayon na Slingerland da Gretsch ne, daga nesa ba ka rabewa. Kama da wane dai ba ta wane. Ba cewa nake ba su da daɗin kiɗa ba, wasunsu da sabuwar fata suna da zaƙin murya, amma kada a biya musu kuɗin gangar Amurka.

Gargaɗi: jijiya a tsaye ba kullum take nufin arha ba. Sonor ta yi hakan da gangan a wasu gangunanta masu tsada na shekarun 1980. Bambancin a bayyane yake: na Sonor mai kauri ne, sumul, mai nauyi.

7. Fentin ciki

A nan ne zango ke tsukewa, don haka kada ka yi gaggawa. Kowane kamfani yana da launin da ya shafa wa cikin ganga a wani zamani.

Ludwig: jan mahogani ba fenti har zuwa wajen 1960. Daga farkon shekarun 1960 zuwa wajen 1968, farin fenti, wanda suka kira Resa-Cote. Daga 1968, farin mapul da aka shafa wa banishi kawai, katakon na bayyane. Akwai kuma fenti mai ruwan toka da ɗigo-ɗigo, Granitone, wanda aka fi gani a jerin Standard mai sauƙin kuɗi da wasu gangunan farkon shekarun 1970. Mai farin fentin nan ita ce ake rububi, domin zamanin da Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar Beatles, ya fito a talabijin ɗin Amurka da Ludwig ne, a watan Fabrairun 1964, oda ta yi wa kamfanin yawa har aka riƙa aiki dare da rana. Shi ya sa za ka tarar da wasu na wannan zamani aikinsu ba tsaf ba, gulu ya zubo, fenti ya yi kauri a gefe. Wannan ba alamar jabu ba ce.

Gretsch: fenti mai ruwan azurfa, daga shekarun 1950. Sai dai har gobe kamfanin yana shafa shi a manyan gangunansa, saboda haka abin da yake faɗa kawai shi ne gangar ba ta girmi shekarun 1950 ba. Bai ce komai game da ƙuruciyarta ba.

Rogers: ruwan toka lami, ba ɗigo, a rabin farko na shekarun 1960. Ruwan toka mai ɗigo-ɗigo daga wajen 1966 zuwa shekarun 1970. XP-8 ba fenti.

Slingerland: yawanci katako a bayyane, mahogani da farko, mapul daga baya. Amma a rabi na biyu na shekarun 1960 ta shafa wani fenti ruwan ƙasa-ƙasa, kalar shayi da madara. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wani ne ya ɓata ta a gida.

Gargaɗi na farko: gangunan Japan ma sun yi fentin toka mai ɗigo, Tama Imperialstar tana da nata. Launi ba ya tsayawa shi kaɗai, sai ka haɗa shi da yawan falle da irin itace. Ruwan toka a kan luwan ba Rogers ba ce.

Gargaɗi na biyu: sabon fenti. A masana'anta ana fenti ne kafin a ɗaura ƙarafa, don haka kan kusoshi da wasa (ɗan faifan ƙarfen da ke ƙarƙashin kan kusa) ya kamata su kasance ba fenti. In ka ga fenti ya hau su, ko ka kwance kunne ka tarar da wani launi daban a ƙarƙashin wasa, an sake shafawa. Tsohon farin fenti yana komawa ruwan madara, yana 'yan tsage-tsage. Fari fat mai sheƙi abin tuhuma ne, kuma sau da yawa ana yin sa ne don rufe ramukan da aka toshe. Bi bangon da tocila a karkace, tabon toshi zai fito.

Gargaɗi na uku: kada ka goge cikin da komai, kada kuma ka kankare. Tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, ƙurarsa guba ce, kuma gogewar za ta tafi da abin da mataki na gaba yake nema.

8. Hatimi da takarda

Zagaya cikin da tocila da madubi, har bayan zobe. Ludwig ta riƙa buga kwanan wata da hatimin roba, jan tawada ko baƙa, a mafi yawan shekarun 1960 har zuwa farkon 1970. Ba kowace ganga ta samu ba, wasu kuma ya dushe. In ka same shi, shi ne shaida mafi kusa da ranar haihuwa, amma ranar da ice ya wuce wani mataki a masana'anta ce, ba ranar sayarwa ba. Slingerland ma takan buga kwanan wata jefi-jefi. Harafin P da ake gani a cikin wasunta ba shekara ba ce, alama ce ga ma'aikata cewa wannan icen riga za a sa masa.

Rogers takarda take mannawa, kuma sunan garin da ke kanta ya wadatar. Cleveland: kafin 1966. Dayton: daga 1966, shekarar da kamfanin CBS ya sayi Rogers, zuwa 1969. Fullerton ta Kalifoniya: daga 1969. Gretsch ta fara manna takarda mai lamba a farkon shekarun 1960, don haka falle shida da fentin azurfa ba takarda, ba kuma tabon inda ta taɓa zama, yana nuni ga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960.

Gargaɗi: hatimin roba ba shi da wuyar sassaƙawa, takarda ba ta da wuyar bugawa. Hatimin da ya saɓa wa ice, misali 1965 a kan Ludwig mai falle shida marar zobe, hatimin ne maƙaryaci.

9. Leɓe, haɗi da riga

Shafa yatsa a leɓen da fata ke zama. Na zamanin fatar dabba da shekarun 1960 a dunƙule yake, ba kaifi. Kaifi mai kusurwa 45 ya zama ruwan dare ne daga ƙarshen shekarun 1970. Gretsch tana da nata mai kusurwa 30. Idan ice ya nuna 1964 amma leɓen yana da kaifi, katakon wurin kuma ya fi sauran haske, an sake yanka shi. Auna zurfin, za ka ga ya ɗan gaza.

Sai haɗi, wurin da bakin katako biyu suka gamu. A Ludwig ta yawancin shekarun 1960 ana manna riga ne tun katakon yana shimfiɗe, sannan a lanƙwasa, saboda haka bakin rigar yana shigewa cikin haɗin, ya bar ɗan tudu. Duba leɓe daidai wurin, za ka ga siririn layin roba a tsakanin katako. In layin da ke ciki launinsa daban da rigar da ke waje, an sauya riga, ga ragowar ta asali nan ta tona asiri. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 kuma Ludwig ta riƙa danne bakin riga da jerin ƙananan ribiti. Ba su da kyan gani, amma suna tsayar da zamani sarai.

Gargaɗi: tsohuwar riga mai walƙiya ta wancan zamani tana kama wuta nan take. Kada a kusanto da ita garwashi, ko a ce za a ɗumama ta don ta kwanta.

10. Idan jikin ba katako ba ne

Siniya da yawa ƙarfe ne. Cire kewaye da wayoyi tukuna, domin su kansu suna jan mayen ƙarfe, sannan ka gwada a bango. Ya kama: baƙin ƙarfe ne, yawanci mai sauƙin kuɗi. Bai kama ba: tagulla ce ko alminiyam, nauyi zai raba. Supraphonic ta Ludwig ta fara da tagulla mai rufin kurom a ƙarshen shekarun 1950, ta koma alminiyam a farkon 1960. Ta tagulla tana da nauyi da layin walda a ciki. Ta alminiyam ba ta da haɗi, kuma kurom ɗinta kan yi ƙuraje yana ɓarewa. Roba mai gani-har-hanji ta Ludwig, Vistalite, ta fito a 1972, an kuma dawo da ita bayan shekara ta 2000, don haka a nan bajo ne zai yi hukunci.

11. Yanzu a kira bajo da kunnuwa

Sai bayan ice ya gama magana ake sauraren su, kuma aikinsu su gaskata shi ne ko su tsuke zangon.

Bajon Ludwig na tagulla mai siffar dutsen kan baka, wanda ake kira Keystone, ya fara ɗaukar lamba a wajen 1963 zuwa 1964. Mai launin shuɗi da kore ya gaje shi a 1969. Wanda aka rubuta Monroe maimakon Chicago daga 1984 ne zuwa sama, lokacin da masana'antar ta koma Karolina ta Arewa. Zagayayyen bajon Gretsch ya kai wajen 1971, sai mai kusurwa takwas ya biyo baya. Slingerland ta bar Shikago zuwa garin Niles a wajen 1960, bajon ya nuna hakan. Kunnuwan Rogers na farko, na siririyar tagulla, suna tsagewa, an maye su da masu ƙarfi a wajen 1963 zuwa 1964, babban bajo mai harafin R kuma na tsakiyar shekarun 1970 ne. Kunnuwan katako kuwa na lokacin yaƙin duniya na biyu ne, sa'ad da gwamnatin Amurka ta taƙaita ƙarfen da za a sa a kayan kiɗa daga 1942.

Gargaɗi: leƙa bayan bajo ta ciki. Yawancinsu zoben ramin iska ne ke riƙe da su, kuma na masana'anta a lanƙwashe yake daidai. Wanda aka buɗe aka mayar yana da tabon filaya ko guduma. Lambar bajo ma kada ka ɗora mata nauyi fiye da ƙima: daga kwali ake ɗibar su ba bisa jeri ba, ganguna biyu da aka haɗa rana ɗaya lambobinsu na iya yin nisa.

12. Haɗa lissafi, sannan a yi ciniki

Rubuta zangon da kowace shaida ta bayar, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ka nemi inda suka haɗu. Misali: tom mai faɗin 13 zurfin 9, falle uku da zobe, ya ce kafin 1976. Farin fenti ya ce farkon shekarun 1960 zuwa 1968. Bajon Keystone mai lamba ya ce daga wajen 1964 zuwa 1969. Mahaɗarsu 1964 zuwa 1968, kuma abin da za ka faɗa wa mai saye ke nan, ba shekara guda ba, sai in hatimi ya fito. Da a ce wannan icen bajo mai shuɗi da kore yake ɗauke da shi, sai ka koma ka binciki zoben ramin iska.

Ka yi wa kowace ganga a setin nata lissafin. Seti da yawa haɗin gambiza ne, gangar ƙafa ta wannan shekara, tom na waccan, wani lokaci ma kamfani daban aka yi wa riga iri ɗaya.

Wajen kuɗi, abubuwan da suka fi karya farashi su ne ramukan da aka ƙara hudawa, sauya riga, sake yanka leɓe, da sabon fenti a ciki. Datti, tsatsar kusa da yagaggiyar fata ba komai ba ne, mai sayarwa ne kawai bai wanke ba. Kafin ka biya, auna faɗin icen ta wurare uku ko huɗu a gicciye. In awon ya bambanta da fiye da ⅛ na inci, ya fara komawa ƙwai, fata za ta riƙa cijewa, kuma gyaransa ba tabbas. Ƙwanƙwasa bangon da gaɓar yatsa a kewaye: inda ya yi amon fanko fallen ya rabu, inda gari ke zubowa daga ƙananan ramuka ƙwaro ya shiga, kuma irin wannan ba a ajiye ta kusa da sauran ganguna sai an yi mata magani. In mai kaya ya ƙi a cire fata ko ɗaya a leƙa, ka yi tayin kuɗin gangar luwan.